Haƙƙin da ke kan mai filaza bayan karɓar kuɗin haya

Duk wanda ya san Kano bai manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ba, wadda ta lashe dubban shaguna cikin dare ɗaya, makonni kaɗan bayan wadda ta tashi a kasuwar Singa. A watan Agusta na 2022 kuma wani bene da ake kan ginawa ya rufta a kasuwar wayoyi ta titin Beirut, ya danne mutane. A duk lokacin da irin haka ta faru, sai a yi ta jajantawa, a ce ƙaddara ce, Allah ya mayar da alheri. Addu'a ce mai kyau. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: shi mai ginin, da ke karɓar kuɗin haya duk shekara, me doka ta ɗora masa?

Nauyin ya fara tun kafin a haƙa tushe. A Kano, hukumar KNUPDA ce ke ba da izinin gini, kuma izinin ya ƙunshi yawan hawa da abin da za a yi da ginin. Wanda aka amince masa hawa biyu ya ƙara na uku, ko ya fasa bangon gidan zama ya mayar da shi shaguna ba tare da ya koma hukuma ba, ya karya doka. Ginshiƙi da rodi da tushe an auna su ne daidai da nauyin da za su ɗauka. Idan aka jibga dilolin atamfa ko buhunan sukari a saman da aka yi don ɗakin kwana, ginin zai yi ta haƙuri har ranar da zai kasa. Shi ya sa ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006 suka tanadi a sa ƙwararru masu rajista a kan aikin, kamar injiniyoyin da hukumar COREN ta tantance.

Inda aka fi sakaci shi ne wutar lantarki. Filaza mai shago arba'in, sai ka tarar wayarin ɗinta na gida ɗaya ne. Kowane ɗan haya ya jawo tasa waya, ga firji, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga janareta da jarkar fetur a ƙarƙashin matakala, yanzu kuma ga batiran sola a ɗakin da iska ba ta shiga. Siririyar waya idan ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, robar jikinta ta narke, tartsatsi ya tashi. Da dare aka fi yin ɓarna, lokacin da aka dawo da wuta kowa ya tafi gida, balle a hunturu da komai ya bushe. Babban layin wuta, da na'urar da ke katse shi idan nauyi ya yi yawa, da tukwanen kashe gobara a kowane hawa, duk aikin mai gini ne. Haka ma ƙofar fita ta biyu. Masu filaza da yawa sun mayar da baranda da ƙasan matakala ƙananan shaguna don ƙarin kuɗi, har hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta bi an cike ta da tebura. Ranar da hayaƙi ya turnuƙe, wannan hanyar da aka sayar ita mutane za su nema.

Akwai kuma inshora. Dokar inshora ta 2003, a sashe na 65, ta wajabta yi wa duk ginin da jama'a ke shiga don kasuwanci ko karatu ko neman magani inshorar gobara da rushewa da ambaliya, domin wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu su sami diyya. Sashe na 64 ya shafi ginin da ake kan yi idan ya haura hawa biyu. Sabuwar dokar da ta maye gurbinta a 2025 ta riƙe wannan wajibci. Mai shakka ta fuskar addini, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, da hukumar NAICOM ta ba lasisi. Haka nan dokar kare masu buƙata ta musamman, da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar da mai keken guragu zai iya shiga, kuma wa'adin ya cika a 2024.

Tun kafin waɗannan dokoki, malaman fiƙihu sun bayyana cewa gyaran abin da ya shafi ginin kansa yana wuyan mai shi, domin amfanin wurin aka biya shi kuɗi a kai. Sun kuma karantar da cewa tawakkali ba ya hana ɗaukar mataki.

Ɗan haya ma yana da nasa: kada ya kwana da fetur a shago, ya kashe wuta kafin ya rufe, kuma kafin ya miƙa wa dillali kuɗi ya nemi ganin izinin gini da takardar inshora, a rubuta a yarjejeniya wanda zai yi kowane gyara. Kai kuma mai filaza, kafin hunturun bana ya shigo, ka kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba wayarin ɗinka, ka gayyaci hukumar kashe gobara ta zagaya ginin, ka buɗe ƙofar da ka toshe. Rayukan masu shiga da fita a gininka amana ce a hannunka, kuma za a tambaye ka a kanta.