An sace salula, an maido lamba

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ku saurari abin da ya samu wani dattijo, ɗalibina a makarantar yaƙi da jahilci. Ran kasuwa aka zare mishi salula daga aljihu. Ba salular ta dame shi ba. Ɗanshi da ke ci-rani a Abijan ta WhatsApp yake kiran shi, ta lambar nan kuma yake aiko kuɗɗin hatsi. Ga shi rumbu ya kusa ƙarewa.

Muka tafi ofishin kamfanin waya. Aka ce ya kawo katin ɗan ƙasa. Ashe da sunan jikanshi aka yi rajistar layin, yaron kuwa yana Agadas. Sai da muka jira kwana 12 ya zo da katinshi, kana aka ba da sabon layi mai tsohuwar lamba.

WhatsApp ba ta ba mu wuya ba. Ka rubuta lambarka, su aiko maka saƙo mai alƙaluma 6, ka shigar, shi ke nan. Amma wanda ya sa lambar sirri ta biyu ya manta, bai kuma ba da imel ba, sai ya jira kwana 7. Alƙaluman nan 6, jama'a, kada ku faɗa ma kowa, ko da ya ce daga kamfani yake.

Kuɗɗin dattijo suna nan, ɓarawo bai san lambar sirri ba. Ran nan aka maida layin da sunanshi. Da aka miƙo takarda bai dangwala yatsa ba, alƙalami ya karɓa ya rubuta sunanshi.