Kunkurun Teku da Yashin Volta: Kare Halittun Gaɓar Ada da Keta

A kudu maso gabashin ƙasar Gana, inda Kogin Volta yake ƙarasa doguwar tafiyarsa ya zube cikin Tekun Atilantika, akwai wani siririn zirin yashi da ya raba teku da manyan tafkunan ruwan gishiri, kuma a kansa ƙauyukan masunta suke jere. A yamma da bakin kogin mutanen Ada ne, masu magana da harshen Dangme, a kewayen tafkin Songor; a gabas kuwa mutanen Anlo ne, wani reshe na ƙabilar Ewe, a kewayen tafkin Keta, wanda ya fi kowane tafkin bakin teku girma a ƙasar. Abincin mutanen yankin ya rataya ne a kan kamun kifi, da kwasar gishiri, da noman ƙananan albasa a cikin yashi. Gishirin Ada ba baƙo ba ne ga tarihin fataucin Hausawa, domin a ƙarni na 19 ana loda shi a kwalekwale a haura da shi kogi zuwa Kete Krachi da kasuwar Salaga, inda fataken goro na Gwanja suke da zangonsu.

A shekarar 1992 aka sanya tafkunan Songor da Keta cikin jerin wuraren Ramsar, wato dausayoyin da ƙasashe suka amince su kiyaye bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, jerin da tafkin Nguru na Najeriya shi ma ya shiga a shekarar 2000. Daga baya, a 2011, hukumar UNESCO ta amince da Songor a matsayin keɓaɓɓen yankin da ake son rayuwar mutane da ta sauran halittu su tafi tare, ba tare da an tashi kowa daga mazauninsa ba. Abin da ya ja hankalin masana tun farko shi ne dubban tsuntsayen ruwa da suke gudo sanyin Turai su yi watanni a bakin tafkunan, amma dabbar da ta fi bayyana halin da gaɓar take ciki ita ce kunkurun teku.

Iri uku ne aka fi sani suna ƙwai a wannan gaɓa. Akwai ƙarami mai launin zaitun, wanda nauyinsa yakan kai kilo 40, kuma shi ya fi yawa. Akwai wanda ake kira kore. Sannan akwai babbansu duka, wanda bayansa fata ce mai kauri maimakon ƙoƙo mai tauri, kuma yakan wuce kilo 300. Lokacin ƙwai yakan kama ne daga wajen watan Satumba zuwa Maris. Macen takan fito daga ruwa cikin dare tana jan jiki da fikafikanta na gaba, ta bar sawu a yashi mai kama da na tayar tarakta, har ta wuce iyakar da igiyar ruwa take kaiwa. A nan takan share wuri, ta haƙa rami da fikafikan baya tana ɗebo yashi da ɗaya bayan ɗaya, ta zuba ƙwai kimanin ɗari masu taushin ɓawo, ta rufe, ta daddaɓe, ta watsa yashi a kewaye don ɓad da sawu, sannan ta koma teku, kuma ba za ta sake waiwayar ramin ba. Zafin yashi ne yake ƙyanƙyashe ƙwan cikin kusan wata biyu, shi ne kuma yake yanke jinsin 'ya'yan: idan ya haura kimanin digiri 29 mata sukan fi yawa, idan ya yi ƙasa da haka maza su rinjaya. 'Ya'yan sukan fito da dare su nufi ɓangaren da ya fi haske, wanda a gaɓar da ba kowa shi ne fuskar teku, shi ya sa fitilar gida ko ta otal takan ruɗe su su nufi tudu, inda rana da hankaki suke gamawa da su. Kaɗan ne ƙwarai suke kai girma, kuma macen da ta tsira takan shafe shekaru masu yawa kafin ta dawo yankin da aka ƙyanƙyashe ta don yin nata ƙwan. Ma'anar wannan ita ce, ɓarnar da aka yi wa gaɓa a bana ba za a ga cikakken sakamakonta ba sai bayan shekara goma ko fiye.

Dokar kare namun daji ta Gana ta 1971 ta haramta kama kunkurun teku, da kashe shi, da ɗibar ƙwansa, kuma sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji yana da ofishi a Ada Foah, daga inda ma'aikata da 'yan sa-kai na ƙauyuka suke sintirin dare a lokacin ƙwai, suna ƙidaya ramuka, suna kuma kwashe waɗanda ruwa zai ci su mayar da su wuri mai tudu. Sai dai ma'aikatan kaɗan ne, gaɓar kuwa doguwa ce, kuma babban maƙiyin ƙwan a kusa da ƙauyuka sau da yawa karnuka ne da aladun da aka saki suna kiwon kansu, waɗanda ba doka da za ta hana su tono. A Ada abin da ya daɗe yana tsare kunkurun tun kafin dokar gwamnati shi ne haramcin gargajiya, wanda ake dangantawa da labarin cewa kunkuru ya taɓa ceton kakanninsu, don haka ba a kashe shi, ba a cin namansa. Wannan haramci yana aiki ko da tsakar dare ne ba mai gadi, amma bai hau kan masuncin da ya zo ci-rani daga wata gaɓa ba, kuma ƙarfinsa yana raguwa a tsakanin matasa.

A cikin ruwa kuwa maganar ta kuɗi ce tsagwaronta. Kunkuru da iska yake numfashi, saboda haka idan ya sarƙe a cikin kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa a bari a ruwa kifi ya maƙale a idanunta, yakan nutse ya mutu, idan kuma yana da rai yakan yayyaga ragar wajen neman kuɓuta. Masuncin da ya ci bashi ya sayi raga da man inji, idan aka ce ya yanke ragarsa ya saki dabbar da namanta zai iya rage masa asara, an ɗora masa nauyin da ya kamata a raba ne, kuma wa'azi kaɗai ba ya ɗinke raga. Shi ya sa dabarun da suka fi karɓuwa su ne waɗanda suka fara da aljihun masunci, kamar ba shi zaren gyara idan ya saki kunkuru, ko ɗaura ƙananan fitilu masu koren haske a jikin raga. An gwada fitilun a Meziko da Peru, aka kuma gwada su a Gana, inda aka ga kunkurun yana hango ragar ya kauce, kifin da ake nema kuwa bai ragu ba. Abin da ya rage shi ne wanda zai sayi fitilun da baturansu.

Matsin da masuntan suke ciki ma ba daga ƙauyen ya taso ba. Ƙananan kifayen da ake bandawa a kai kasuwannin cikin ƙasa sun yi ƙaranci sosai, kuma daga cikin dalilai akwai yawan kwalekwale, da kamun kifi da fitila da dare, da kuma cinikin da ake kira saiko, inda manyan jiragen kamun kifi suka riƙa kwashe ƙananan kifayen da ba a ba su izini ba, su daskarar da su, su sayar wa 'yan kwalekwale a tsakiyar teku. Tarayyar Turai ta yi wa Gana gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba a 2013, ta sake yi a 2021. A 2019 gwamnati ta fara rufe teku ga masu kwalekwale na wata guda, ƙari a kan hutun ranar Talata da yawancin garuruwan gaɓar suka gada, amma mai kwalekwalen da aka zaunar a gida yana da hujja idan ya tambayi me aka yi wa jirgin da ya fi shi ɗiba.

Duk da haka, babbar barazanar ita ce gaɓar kanta tana tafiya. Igiyar ruwa a wannan yanki tana bugun ƙasa a karkace, tana tura yashi daga yamma zuwa gabas ba dare ba rana, kuma abin da yake cike gurbin wanda aka kwashe shi ne yashi da laka da Volta take kawowa daga can cikin ƙasa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, aka ƙara da ta Kpong a 1982, sai mafi yawan wannan kaya ya riƙa kwantawa a bayan madatsun, teku kuwa bai daina ɗiba ba. Gaskiya ne Keta ta fara zaizayewa tun kafin madatsar, amma bayanta abin ya ƙara sauri, har teku ya cinye unguwanni sukutum, ya kuma rushe babban ɓangare na ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmak suka gina a 1784. Ƙauyen Fuveme da ke gabashin bakin kogin kusan ya ƙare, a Totope kuma yashi da ruwa sun binne gidaje, sannan a watan Nuwamba na 2021 tumbatsar teku ta raba dubban mutane da muhallinsu a yankin Keta. Wutar Akosombo ta haskaka Akra da masana'antun Tema, kuɗinta kuwa an biya wani kaso nasa da ƙasar waɗannan ƙauyuka, da kuma cutar tsargiya da ta yaɗu a ƙasan kogin bayan ciyayin ruwa da dodon koɗi sun samu wurin zama.

Maganin da aka fi amfani da shi shi ne duwatsu. A farkon shekarun 2000 aka kammala aikin kare Keta, inda aka jera shingayen dutse masu miƙewa cikin teku don su tare yashi, aka kuma yi irinsa a Ada bayan shekara goma. Garuruwan da ke bayan shingayen sun samu sauƙi, amma yashin da aka tare a nan shi ne wanda gabas take jira, don haka zaizayar ta matsa zuwa Blekusu da ƙauyukan da ke kan hanyar iyakar Togo. Ga kunkuru kuwa, gaɓar da aka jibge da duwatsu ko wadda teku ya sare ta zama gangare ba wurin haƙa rami ba ce.

A bakin kogin da kewayen tafkunan akwai itatuwan mangurob, masu tsiro a cikin taɓon ruwan gishiri da saiwoyi a waje, waɗanda suke riƙe laka, kuma a ƙarƙashinsu 'ya'yan kifi da ƙaguwa suke girma. Icensu yana ci a hankali, yana ba kifi launin da masu saye suke so, shi ya sa kasuwar Anyanui ta shahara da cinikinsa. Abin lura shi ne, a Anyanui ɗin mutane sun daɗe suna dasa itacen da hannunsu a filayen iyali ko na haya, su jira shi shekara goma ko fiye sannan su sare, kuma inda aka san mai fili da wanda zai ci amfanin dashen, kurmin yakan fi dawwama bisa inda yake na kowa da kowa. A rafukan da ke bayan wannan kurmi har yanzu akwai ayu, dabbar ruwan nan da masuntan Binuwai da Neja suka sani.

Tafkin Songor shi ne inda tambayar mallaka ta fi zafi. A al'ada, idan hunturu ya busar da ruwa gishiri ya kwanta, shugabannin gargajiya ne suke buɗe tafkin kowa ya shiga ya kwasa, mata su ne kan gaba. Da aka fara ba kamfanoni hayar sassansa sai rikici ya tashi, har a 1985 harsashin 'yan sanda ya kashe wata mace mai juna biyu, kuma a 1992 aka yi dokar da ta mayar da tafkin hannun gwamnati a matsayin amana. Bayan haka masu hali suka riƙa killace ƙananan kududdufai na kansu, abin da ake kira atsiakpo, suna janye ruwa da injin, har tsakiyar tafkin ta riƙa bushewa ba gishiri. A 2020 gwamnati ta ba kamfanin Electrochem hayar eka 41,000 na shekara 15. Kamfanin yana cewa ya dawo da ruwa cikin tafkin, ya kuma keɓe wa al'umma wuraren kwasar gishiri, yayin da wasu mazauna ƙauyukan suke cewa an raba su da gadonsu ba tare da an shawarce su ba. Zurfin ruwan da za a riƙe a tafkin da yawan gishirinsa su ne suke yanke ko tsuntsaye masu kiwo a taɓo za su samu abinci, kuma wannan hukunci yanzu yana hannun wanda yake riƙe da injinan turo ruwa.