Jagorar Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa a Tiyatar Jijiyar Gwiwa

A cikin wannan takarda za mu duba amfanin na'ura mai ƙwaƙwalwa wajen sake ɗaurin gwiwa idan jijiyar gicciye ta gaba ta tsinke. Wannan jijiya ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba daga ƙarƙashin ƙashin cinya. Domin a musanya ta, likita yakan yanko wata jijiya daga jikin majinyacin, ya huda ƙasusuwan biyu, ya zura ta ciki. Wuyar aikin tana ga wurin hujin: in ya kauce da ƴan milimita, sabuwar jijiyar takan yi sako-sako, ko ta ɗame har gwiwa ta kasa lanƙwashewa.

A shekarar 1995, masu bincike na Grenoble a ƙasar Faransa suka bayyana gwajinsu na farko a kan majinyata. Ana kafa alamomi a kan ƙasusuwan, kamara tana bin motsinsu, na'ura kuma tana lissafa yadda tsawon jijiyar zai canza gwargwadon lanƙwasar gwiwa, tun kafin a huda.

To amma abin lura shi ne, bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2014 kan gwaje-gwaje 5 ba ta sami hujjar cewa majinyata sun fi samun sauƙi ta wannan hanya ba, ga shi kuma aikin yana ƙara tsawo. Ke nan, daidaiton awo daban, warkewar gwiwa daban. Asibitin da kuɗinsa ba su da yawa ya kamata ya auna wannan kafin ya sayi na'urar.