Abin Da Ke Ƙarƙashin Launi: Sabunta Fentin Kabad ɗin Kicin

 

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya lura da kabad ɗin kicin, wanda ake kafawa a bango ko a ƙarƙashin teburin girki domin ajiyar kwanuka da kayan miya, zai shaida cewa babu wani katako a gida da ke shan azaba irin tasa, domin tururin tukunya yana dukansa safe da yamma, manja da man gyaɗa suna fantsama a jikinsa, hayaƙi yana kwanciya a kansa, ga kuma jiƙaƙƙen hannu da ba ya raba shi da buɗewa da rufewa. To, idan shekaru suka ja, fuskarsa ta dushe, uwargida ta nemi a sabunta shi, galibi gabanin Salla ko biki, mas'alar da ake fara muhawara a kanta ita ce ta launi, fari za a sa ko ruwan toka ko ruwan madara, alhali kuwa launi shi ne mafi sauƙin hukunci a cikin al'amarin duka. Abin da zai sa aikin ya yi ƙarko, ko kuma ya soma ɓarewa kafin Salla ta zagayo, yana ƙarƙashin launin nan, a shafin farko da masu fenti ke kira firaima, da kuma irin tanadin da aka yi wa katakon kafin a shafa shi.

Kamar yadda malaman fiƙihu suka sanya ɗahara sharaɗi ga ingancin salla, haka wanki yake ga fenti. A kwance ƙofofin da mariƙansu, a rubuta wa kowace lamba a wurin da ƙarfe zai rufe don kada a rikita su ranar mayarwa, sa'an nan a wanke su da ruwan ɗumi da garin sabulu, a maimaita a kan waɗanda ke daura da murhu da kuma kewayen mariƙi, inda maiƙo ya daskare har yana kama yatsa, a ɗauraye, a bar su su bushe sarai. Wanda ya yi gaggawa ya ɗora samfefa a kan maiƙo bai kawar da shi ba, tura shi ya yi cikin katakon, kuma zai ga sakamakon a ƙarƙashin burushinsa, sa'ad da fentin ya riƙa gudu yana barin ƙananan ramuka. Bayan wanki ne ake gugar samfefa, mai lamba 120 ko 150, ba don a kankare tsohon fenti duka ba, sai don a kashe ƙyallinsa, sabon ya sami wurin kamawa.

Daga nan sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda kuma kafintan da ya haɗa kabad ɗin ya fi kowa sanin amsarta: da me aka yi shi? Idan katako ne na asali, kamar maɗaci ko loko, to yana ɗauke da rini da mai a cikin jikinsa, waɗanda ruwa ke tasowa da su, saboda haka firaima ta ruwa ba ta iya danne su, kuma bayan 'yan kwanaki sai a ga jan tabo ya huda farin fenti. Wannan sai firaima ta mai, ko ta shalak, wato ƙaron nan da wani ƙaramin ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya da Tailan, wanda ake narkawa da sifirit, yana bushewa cikin ƙasa da sa'a guda, yana kuma toshe tabo da warin hayaƙi. Idan kuwa allon MDF ne, wanda a haƙiƙa garin katako ne da aka cuɗa da gam aka matse, to babu abokin gabarsa kamar ruwa, musamman a bakin da aka yanka, wanda ke zuƙe danshi ya kumbura, kumburin da ba ya komawa har abada. Wajibi ne a toshe bakunan da firaima ta mai shafi biyu, a goge tsakaninsu, kuma ƙofar da ta riga ta kumbura a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, canza ta ya fi yi mata fenti. Amma wanda aka lulluɓe da fomeka, mai santsi, fenti na yau da kullum ba ya kama shi sam, sai an nemi firaimar da aka rubuta a gwangwaninta cewa an yi ta domin irin wannan fuska.

Akwai kuma tsohon fentin da ke kai, wanda sanin jinsinsa ba ya bukatar komai sai auduga da ɗan sifirit daga kemis. A goga a wani lungu: in launi ya biyo audugar, fentin ruwa ne, in bai biyo ba, na mai ne ko banish. Fentin ruwa a kan na mai ba tare da firaima a tsakani ba, farce ma yana ɓare shi. Haka kuma fentin fesawa irin na mota, da kafintoci ke sirkawa da tina mai ƙarfi, idan aka fesa shi a kan tsohon fentin mai, sai ya tayar da shi ya yamutse.

Game da shafin sama, ra'ayina a fili yake. Fentin ruwa na bango, komai arharsa, ba shi da gurbi a jikin kabad, domin ba ya jure goga da soso. Fentin mai, mai ƙyalli ko mai matsakaicin ƙyalli, shi ne abin da ya fi samuwa a kasuwanninmu, yana taurara, yana wankuwa, illa dai warinsa mai ƙarfi ne, farinsa kuma yana komawa rawaya-rawaya a inda haske bai isa ba. Akwai na zamani da ake sirkawa da ruwa amma aka yi shi musamman domin katako, wanda farinsa ke daɗewa, sai dai ya fi tsada. Ko wanne aka zaɓa, shafi biyu marasa kauri, da gugar samfefa mai lamba 220 a tsakaninsu, sun fi shafi ɗaya mai kauri da zai zubo da hawaye a kusurwa. Ina kuma roƙon 'yan'uwanmu masu sana'ar da su ji tsoron Allah game da tsinka fenti da kananzir ko fetur fiye da kima don galan ɗaya ya yi aikin biyu, domin algus ne, kuma mai gida ba ya gane shi sai bayan an biya an watse.

Wani al'amari da bai halatta a yi shiru a kansa ba shi ne gubar dalma, wadda aka daɗe ana sanyawa a fentin mai, musamman rawaya da ja da kore masu haske. Amurka ta hana ta a fentin gidaje tun 1978, kuma ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke goyon baya a yau shi ne kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Mu da muka ga yadda wannan guba ta hallaka yara kimanin 400 a Zamfara a 2010, ko da yake ta hanyar haƙar zinariya ta zo, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan sharrinta ga ƙwaƙwalwar yaro. Don haka a goge tsohon fenti da jiƙaƙƙiyar samfefa a tsakar gida, nesa da abinci, da ƙananan yara, da mai juna biyu, a kwashe ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, sa'an nan wajen sayen sabo a duba tambarin hukumar kula da ingancin kayayyaki, wato SON, da rubutun da ke nuna babu dalma a ciki.

Lokacin aikin ma yana da nasa hukunci. A tsakiyar damina danshi yana jinkirta bushewa, a hunturu kuma ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti ta bar shi da kaushi, shi ya sa kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauko, ta fi dacewa. A buɗe tagogi, a kashe gas da risho, domin tururin tina yana kama wuta. Fentin mai yana neman kusan yini da kwana tsakanin shafi da shafi, kuma bushewar da yatsa ke ji daban take da taurin gaske, wanda ke ɗaukar makonni.

Saboda haka, uwargida da maigida, in aikin na Salla ne, a fara shi wata guda kafin ranar, kuma bayan shafin ƙarshe a ba ƙofofin aƙalla mako guda kafin a mayar da su a soma jera kwanuka.