Sauya ƙafar gaba ta a-kori-kura: gyara ne ko ganganci?

Daga Damagaram zuwa Magarya, tafiyar kimanin kilomita 90, kwalta ce ke ɗauke da mota har ta miƙa ta iyakar Najeriya. Sai dai arzikin ƙasar yana can ciki, nesa da kwalta. Gero da wake da gyaɗa da riɗi na gonakin Kwaya, da Yekuwa, da Malawa, da Dogo-Dogo, da raken fadamun Bande da Waca, duka sai sun bi rairayi kafin su ga kasuwa. A ƙidayar 2012, gundumomin Magarya da Dungas sun haura mutum 900.000, kuma mafi yawansu mazauna karkara ne. Wanda ya kai masu kaya, ya kwaso nasu, ya ɗauko mara lafiya cikin dare, shi ne ɗan kat-kat ɗin nan da ake kira a-kori-kura.

Tsofaffin motocin da suka yi suna a waɗannan hanyoyi suna ƙarewa. Waɗanda suka gaje su sun fi su gudu da daɗin zama, amma direbobi da yawa ba su yarda da ƙafarsu ta gaba ba. Daga nan shawara ke tasowa: a yanke ƙafar zamani, a dasa ta tsohuwar mota. A Amurka da Ostareliya, masu sha'awar hawan duwatsu sun daɗe suna wannan aiki, kuma bai fi ƙarfin kanikawanmu ba. Abin tambaya shi ne ko ya dace da mai motar da jarinsa da rayukan fasinjansa ke bisa waɗannan tayoyi huɗu.

Ƙafa iri biyu

Ƙafar gaba ta kat-kat iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda kanikawan Damagaram ke kira «pon», na Kano kuma su ce «aksul»: bututun ƙarfe guda, miƙaƙƙe, mai haɗa tayar dama da ta hagu, da tulun haƙoran giya a jikinsa, an ɗaure shi ga shasi da sifirin mai falle-falle. Idan taya guda ta hau tudu, sai ta danna ƴar'uwarta ƙasa, duka biyu su riƙe hanya. Komin nauyin lodi, tsakanin tulun da ƙasa ba ya raguwa, sai abin da taya ta lotsa. Gaɓoɓin da ke juya tayoyin kuwa suna ɓoye cikin ƙwallon ƙarfe cike da giris.

A iri na biyu, kowace taya cin gashin kanta take yi. Tana da hannuwanta na ƙarfe, tulun giya yana ɗaure ga shasi, kuma ƙananan sanduna biyu ne ke kai wa tayoyin ƙarfin inji, gaɓoɓinsu lulluɓe da roba. Mota mai irin wannan ƙafa ta fi kwanciya bisa kwalta, ta fi jin sitiyari, ba ta girgiza ƙugun fasinja. Rauninta sananne ne: in ƙaya ko kututture ya yage robar, rairayi ya shiga ya haɗu da giris, sai ya ci gaɓar kamar dutsen niƙa. Kuma in gaban motar ya nutsa a rami, cikinta ya kan matso ƙasa.

Yadda aka zo nan

Kamfanin Toyota ya fito da Hilux mai jan tayoyi huɗu a 1979, da pon guda a gaba. A 1984 ya kawo jerin Land Cruiser 70. Waɗannan motoci ne sojojin Cadi suka ɗora wa makamai suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum a 1987, har duniya ta raɗa wa yaƙin sunan Toyota. Sunan da suka yi a Sahel ke nan, bayan zamanin Peugeot 404 da 504 masu tamfol, waɗanda tayoyin baya kaɗai ke jan su.

Amma mafi yawan masu sayen sababbin motoci a duniya bisa kwalta suke tafiya. Tun 1986 Hilux da ake kai wa Amurka ta rabu da pon na gaba. A wasu ƙasashe an ci gaba da yin ta da shi har 1997, sannan aka daina baki ɗaya. Land Cruiser 70 ce ta tsaya kan ra'ayinta: a 1999 an sauya mata sifirin gaba zuwa mai murɗi, aka bar mata pon. Shi ya sa har yanzu ake ganin ta wajen ɗaukar marasa lafiya da ayyukan raya karkara, shi ya sa kuma ko ta tsufa ba ta araha.

Abin da aikin ya ƙunsa

Mai karatu kada ya ɗauka kwance kusoshi ne a ɗaura wasu. Da farko sai an yanke duk maɗauran tsohuwar ƙafa daga jikin shasi, a goge wurin, a yi waldar sababbin maratayan sifirin. Shasi ƙarfe ne da aka auna kaurinsa. Wutar walda in ta yi yawa ta kan raunana shi, kuma tsagewar ba ta nuna kanta sai ranar da aka cika lodi. Kuskure kaɗan tsakanin maratayin dama da na hagu ya isa ya sa mota tafiyar kaguwa, tana cin taya.

Na biyu, haƙoran giya. Kowane pon yana da lissafinsa: a motocin Toyota ana samun 4,10 da 4,30 da 4,56 da 4,88. Ma'anar 4,56 ita ce farfela ta juya sau huɗu da rabi da ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Dole na gaba da na baya su zo daidai. In an dasa mai 4,56 a gaban mota mai 4,30 a baya, tayoyin baya za su riƙa neman wuce na gaba da kusan kashi 6 cikin 100. Cikin rairayi tayoyi suna sulɓewa, laifin ya ɓoye. Ranar da aka taka ƙasa mai tauri da kat-kat a ɗaure, haƙora ne za su biya. Wanda ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano neman pon na hannu, ya sa a juya shi a ƙirga a gabansa. Ya duba kuma ko tulun yana ɓangaren da farfelar motarsa ke fitowa, da ko faɗinsa ya kai na baya, don pon na tsohuwar Hilux ya fi ƙunci.

Na uku, wanda ya fi duka haɗari: sitiyari da birki. Hilux da aka ƙera daga 2005 tana da sitiyarin da ba ya tafiya da pon guda. Sai an cire shi, a kafa akwatin sitiyari irin na da, a ƙarfafa wurin da zai zauna. In pon ya karkata gaba ko baya fiye da ƙima, mota za ta riƙa yawo a hanya, ko gabanta ya kama kakkarwa da zarar ta ɗauki gudu. Robobin birki sai an sauya su da dogaye, in ba haka ba su tsinke sa'ad da ƙafa ta miƙe. A sababbin motoci, na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki ba ta da mazauni a tsohon pon, sai ta mutu. Bayan duk wannan, motar ta kan ƙara tsawo, mai tsawo kuwa ta fi saurin kifewa a kwana, balle an jibga mata buhuna da mutane bisa buhunan.

Lissafin ɗan kasuwa

Ba'amurken da ya yi wannan aiki dutse yake nema, da manyan tayoyi, a motar wasa wadda ba ta ciyar da kowa. Ƙasar Kwaya kuwa rairayi ce da laka. Cikin rairayi, abin da ke fid da mota shi ne sauƙin nauyi, da rage iskar taya domin tafinta ya baje, da direban da ya san giyar da zai shiga tudu da ita. Shaida tana arewa: Hilux na zamani, masu ƙafar da ake zargi, su ne suka riƙa ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku da Libiya da mutum ashirin ko fiye a bayansu, su ne kuma suka yi jigilar masu neman zinariya zuwa Jado daga 2014.

Akwai wata gaskiyar da ake mantawa. Lodin a-kori-kura bisa pon na baya yake zama, shi kuwa dama guda ne a tsohuwa da sabuwa. An ƙera irin wannan mota domin ta ɗauki kimanin tan guda, wato buhu goma na kilo 100. Wanda ya ɗora mata ashirin ranar Alhamis ya nufi kasuwar Maigatari, sifirin baya da shasi da birki yake kashewa, kuma sabon pon a gaba ba zai cece su ba.

Sai batun takardu. Motar da aka sauya wa ƙafa da sitiyari ba ita ce wadda kamfani ya auna ya fitar ba. Ma'aikacin da ya sayi motar gwanjo da ajiyarsa ta shekaru, ya fara tambayar masu binciken lafiyar motoci da kamfanin inshorarsa kafin a kunna wutar walda. In haɗari ya auku aka tarar da sauyin da ba a bayyana ba, gardama ce za ta biyo, alhali akwai masu rauni a kwance.

Aikin yana da ranarsa. In gaban mota ya riga ya ragargaje, shasinta na da lafiya, aka sami pon ɗin da ya dace da ita, ga bakanike mai awo da ma'auni, kuma motar za ta ƙare rayuwarta tsakanin ƙauyuka ba tare da gudu ba, to ana iya raya ta ta wannan hanya. In ba haka ba, kuɗin pon da sifirin da farfela da walda sun fi amfani a tara su a nemi tsohuwar Hilux ko Land Cruiser da aka haifa da pon ɗinta. Wanda bai kai nan ba, ya riƙa leƙa robobin ƙafar gaba bayan kowace tafiyar daji, ya sauya wadda ta yage tun rairayi bai yi ɓarna ba, ya sa tayoyi nagari, ya rage buhu biyar. Hausawa sun gargaɗi mai neman gira kada ya rasa ido. Damana na tafe, hanyar Kwaya za ta gwada kowace mota, kuma ba ta tambayar nawa aka kashe mata a gareji.