Jirgin 'Yan Ƙwadago Kusa da Babban Dogo

Mun sani dogo ya iso Kano daga Baro a 1911, aka kafa tasharsa a wajen ganuwa, gabas da birni. A 1930 kuma aka kai shi Nguru. Don fatauci mai nisa aka yi shi, gyaɗa da fatu su tafi Ikko.

To, akwai wani irin jirgi dabam, watau na mutanen karkara waɗanda su ke sammako zuwa aiki, su koma gida da almuru. Shi yakan tsaya kowace ƙaramar tasha, saboda haka in an ba shi layinsa gefen babban dogo, ba ya tare wa mai dogon zango hanya. Mutanen Ikko sun buɗe irinsa a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, kamar mil 17, yana bin hanyar jirgin Badun.

Abin lura gare mu shi ne, lungunan birni matsattsu ne. In aka ce sabon layi ya ratsa ta Kurmi, gidaje nawa za a rushe? Amma filin dogo daga Chalawa zuwa tasha yana nan tun zamanin kakanninmu. In an bi shi, talaka ya sami sauƙi, gidajen birni kuma su tsira.