Na'urar zuciya da ke cin wuta daga motsin jiki

Me ake nufi da na'urar da ke samun wuta daga jikin mai ita? Tun 1958, da aka fara dasa wa mutum na'urar daidaita bugun zuciya a Suwidin, batir ne matsalarta. Ko a yau, bayan kimanin shekara goma sai ya ƙare, a sake tiyata. Dabarar da ake gwadawa ita ce a mayar da bugun zuciya ko motsin huhu lantarki, kamar agogon hannun nan mara batir da ke tafiya da motsin mai shi. A 2014 masu bincike a Jami'ar Bern ta Suwizalan sun ɗinka injin irin wannan agogo a zuciyar alade. A shekarar kuma, a Amurka, an gwada wani siririn faifai a zuciyar shanu da tumaki, wanda ke haifar da wuta duk lokacin da ya lanƙwashe.

Wani zai ce wannan gatan masu hali ne. To wa sake tiyata ya fi wahalarwa? Majinyacin gari irin Kuyello, wanda sai ya ratsa dajin Birnin Gwari kafin ya kai asibitin koyarwa a Zariya ko Kano. Sai dai mai suka na da hujjoji biyu: zuciya mara lafiya wani lokaci motsinta ba ƙarfi, kuma gwaje-gwajen nan a dabbobi aka yi su.